Ƙarfen da Ke Cinyar Baba Tayyar

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Ni Rakiya ce, mai tuwo a unguwar Rusaifa ta Makka, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa sai an taka matakala. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma abin da na gani a jinyar mahaifina lokacin aikin hajjin da ya wuce ya fi ƙarfin in bar shi a cikina. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To, namu ya kama.

A unguwa Baba Tayyar ake kiran mahaifina, wato matuƙin jirgi. Yaran yanzu sun ɗauka tsokana ce, don abin da suka sani kawai tsoho ne mai ɗingishi da ya ƙare ƙarfinsa a gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Amma sunan gaskiya ne. Lokacin yaƙin basasa a gida Najeriya yana saurayi, jirgin yaƙi yake tuƙawa, kuma harbo shi aka yi a can kudu, cikin ƙungurmin kurmi. Shi ba ya ba da labarin. Daga bakin mahaifiyarmu na ji, Allah ya jiƙanta, ita ma gutsure-gutsure ta samu.

Ta ce lemar da ya diro da ita a saman bishiya ta maƙale, ya yanke igiya ya faɗo, da guntun ƙarfen jirgin a cinyarsa ta dama, can sama kusa da ƙugu. Da rana ya kwanta cikin ganye, da yamma ya ja ciki. Dodon koɗi ya riƙa ci ɗanye, yana shan ruwan da ya taru a ganye. Sojojin da ke nemansa sun wuce kusa da shi har yana jin tarinsu, ciwo kuma na cin sa, sai ya cusa bel ɗin wandonsa a baki ya cije don kada nishi ya fita. Ciwon ya ruɓe har ya fara wari. Ana haka wata tsohuwa da ta fito neman itace ta yi kiciɓis da shi. 'Yar mutanen da yake jefa wa bam ce, ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Ya rufe ido yana jiran ta yi ihu. Ba ta yi ba. Sai ta sa wuƙa ta yaga wandon tun daga gwiwa har ƙugu, ta dafa ruwa da gishiri ta wanke ciwon, ta ɓoye shi a bukkar gona har ya iya tsayawa. Bai taɓa sanin sunanta ba, Mama kawai yake ce mata.

A bukkar nan ya yi wa Allah alkawari: in ya fita da rai, a Makka zai ƙare kwanansa, a nan za a binne shi. Likitocin soja suka ce ƙarfen ya yi kusa da babbar jijiya, a bar shi, fata ta rufe a kansa. Bai sake hawa sama ba sai ranar da ya ɗebo mu zuwa hajji ina 'yar yarinya, kuma ba mu koma ba. Da yana da igama, takardar zama. Da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu sai takardar ta mutu, tawa ma ta bi ta. Ƙanina Sa'idu ne kaɗai mai takarda a gidan, shi da aka haifa a nan, yana tuƙa motar alhazai. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da asibiti yake nufi ga mara takarda: tambaya, rubuta suna, wataƙila tarhil, a sa ka a jirgi a mayar da kai. Baba bai ji tsoron mutuwa ba. Tsoronsa ya mutu a wani wuri.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya kusa kai mu ya baro. Ni ce 'yar fari. Mu mutanen Kano ne na da, masu kunyar ɗan fari, kuma Baba ya riƙe tasa da hannu biyu. Tun da nake bai taɓa furta sunana ba. Ga furfura a kaina, ga jikoki a Jidda, amma har yau "ke yarinya" ce ni. Ni ma ban taɓa wuce labulen ɗakinsa ba. In ajiye kwano a bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa, in tashi. Bayan mijina ya rasu na dawo gidan, muka zauna a haka shekara da shekaru, kuma ina alfahari da shi. Nakan ce wa 'ya'yan maƙwabta da ke zama a gadon ubansu suna hira ba su da tarbiyya.

Makon farko abin bai yi kama da komai ba. Ɗingishin ya ƙaru, ya daina sauka masallaci, ya koma salla a zaune. Na tambaye shi ta bayan labule, ya ce sanyi ne. Sanyi, a Makka, a tsakiyar zafi! Na yi dariya a raina na ce tsufa ne. Sai ya fara cewa in ajiye masa ruwan zafi da gishiri. Na ɗauka kurkurar baki zai yi. Abin da ya kamata ya tashe ni shi ne wanki. Ni nake masa wanki tun rasuwar mahaifiyarmu, amma a makon nan riguna kawai yake turowa. Wandunansa shi yake wankewa a banɗaki, ya shanya a cikin ɗaki. Na lura, na kuma kawar da kai, don wace 'ya ce za ta tambayi ubanta me ya samu wandonsa? Ga alhazai sun fara cika gari, kasuwar shekara ta buɗe, tun asuba nake kan tukunya. Sa'idu kuwa ya tare a Aziziyya wurin motoci, ba ya kwana a gida.

A mako na biyu zazzaɓi ya shigo. Kwano yana dawowa yadda na ajiye shi. Ya bar tuwo, ya bar fura, sai ruwa, ruwa, kamar ana zuba wa rairayi. Maƙwabciyarmu Goggo Hajo, tsohuwa ce da iyayenta suka shigo ta Cadi, ita ce likitar unguwa mara takarda. Ta zo ta tsaya a inda nake tsayawa.

"Malam, ya jiki?"

"Alhamdulillahi."

Ta juyo ta kalle ni. "Kin ji ko? Shawara ce, 'yar nan. Ki haɗa masa zuma da habbatus sauda, ki jiƙa tsamiya, kada ki ba shi wani ruwa sai zamzam. Asibiti a wannan lokaci? Kina hauka? Ko'ina an tsare hanya, ana tambayar takarda har a bakin kanti."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan zage ta ba, don ita ta riƙa tsare min tukunya daga baya. Na buga wa Sa'idu waya. Shi Hausarsa rabi ce, sauran Larabci.

"Yaya, wallahi ma agdar, ba zan iya fitowa ba. In na bar mota yanzu, kalas, sun kore ni. Ki gaya min me yake ji, in aiko da magani daga saidaliyya."

Na gaya masa abin da na sani, wato zazzaɓi da ƙishirwa. Ya aiko da ƙwayoyin zazzaɓi. Mai kantin magani ya ba da maganin abin da aka faɗa masa, ba laifinsa.

A makon nan ne warin ya fara. Da fari na zaci ɓera ne ya mutu a bayan firji, na janye komai na share. Ranar da na gane daga ƙarƙashin labulen yake fitowa, sai na ajiye tsintsiyar. Kun san me na yi? Turaren wuta na kunna. Na sa kasko a bakin ƙofarsa safe da yamma, har maƙwabta suna cewa gidanmu kamar na amarya. Na ce masa, "Baba, ko akwai wani wuri da ke maka ciwo?" Can ya ce, "Ke yarinya, je ki wurin aikinki." Na tafi wurin aikina. Kuma ko sau ɗaya ban ji nishinsa ba. Ina kasa kunne, ina cewa ai mai ciwo ba ya shiru haka, ashe na manta wane ne ke kwance a ɗakin.

Mako na uku jirage masu saukar ungulu suka fara shawagi, kamar yadda suke yi duk shekara in hajji ya matso. Baba ya saba da su, da har yakan ɗaga kai ya faɗi wanda injinsa ke buƙatar gyara. Wannan karon da na farko ya wuce na ji ƙarar faɗuwa a ɗakinsa. Na leƙa ta gefen labule. Ba kowa a kan gado. Yana ƙarƙashinsa, ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa, idonsa a buɗe yana kallon rufi. Ya ɗora yatsa a baki.

"Kwanta," ya ce da raɗa. "Kwanta ƙasa. Suna bin kogi."

Mutumin da bai taɓa yi min maganar da ta wuce ta abinci da salla ba, yau yana ce min in kwanta za a gan mu. Ya daina sanin dare da rana. Ya daina shan ruwa a kofi, sai in ya zuba a tafin hannu ya lasa. In na motsa kwano ya yi ƙara, sai ya zaro min ido.

Goggo Hajo ta ce ba shawara ba ce kuma, iska ce, mutanen kurmin nan ne suka biyo shi bayan shekaru. Aka kira wani malami ya yi ruƙya. Mutumin kirki ne, bai karɓi ko riyal ba. Ya zauna kusa da kan Baba ya yi karatu, ya fito yana toshe hanci da gefen rawaninsa, ya ce a kai shi asibiti. Amma shi ma bai ɗaga bargon ba, don ba a yaye wa dattijo sutura. Ku lissafa mu: 'ya, maƙwabciya, malami, kowa ya ji wari, ɗa a waya ya ji labari, ba wanda ya duba. Na sake kiran Sa'idu ina kuka. Ya ce, "Ba'ad Arafa, Yaya. Ki yi haƙuri bayan Arafa, ni zan kai shi da kaina, da takardata, ko za su tausaya." Na ce to.

Ranar Arafa Makka takan zama kango. Maza duk sun tafi aiki wurin alhazai, matan unguwa kuma sun yi kwalliya sun tafi Harami, don ranar ce kaɗai suke samun ɗawafi babu turereniya. Goggo Hajo ta tafi da su. Ni na zauna saboda Baba. Wajen azahar jikinsa ya yi zafin da nake ji daga bakin ƙofa, ga firjinmu ya ƙi yin ƙanƙara. Na ce bari in sauka bakala, kantin unguwa, in sayo. Ta kusa a rufe take, sai da na je har bakin titi.

Da na hawo, ƙofar gida a buɗe. Labulen ɗakinsa ya tsinke daga gefe ɗaya, ya ja shi ya faɗi. A karo na farko a rayuwata na shiga ɗakin mahaifina, kuma ba ya ciki. Ƙarƙashin gado akwai tsummoki a dunƙule, na ja ɗaya na gani, na yar. Daga ƙofa kuwa wani jiƙaƙƙen sawu ne a kan siminti, na abin da aka ja, ya nufi sama, wajen da gidaje suka ƙare dutse ya fara.

Ban san lokacin da na jefar da ƙanƙarar ba. Na bi sawun ina kiran "Baba! Baba!" Sai na tuna mutumin da ke ɓuya ba ya amsa kira, kirana ma ƙara korar sa zai yi. Na yi shiru. Rana ta tsaya a ka, dutsen ya yi zafin da ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ba mutum, ba ko kyanwa. Wani jirgi ya wuce can wajen Mina. A kan dutse sawun ya ɓace. Na tsaya ina juyawa, ina faɗa wa kaina cewa tsoho mai ciwo ba zai kai la'asar ba a wannan rana, kuma in ya mutu a nan ni ce zan faɗa wa Sa'idu na tafi sayen ƙanƙara. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba. Ƙudaje ne suka nuna min shi. Na ga sun taru a bayan wani tsohon tankin ruwa da aka yar.

Yana kwance a 'yar inuwar tankin, ya tara yagaggun kwalaye da busasshiyar ƙaya ya rufe jikinsa. Bel ɗinsa na bakinsa, ya cije har leɓensa ya fashe. Na durƙusa. Ya buɗe ido ya kalle ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Na ga ya firgita, ya runtse ido kamar mai jiran duka. Da ya ji shiru ya sake buɗewa. Sai fuskarsa ta saki. Ya tofar da bel ɗin.

"Mama," ya ce. "Mama."

Ya kama hannuna ya kai kan cinyarsa, yana nuna min da ka, yana yin alamar yanka da yatsa. Ba ni yake gani ba. Baƙar tsohuwa yake gani ta sunkuyo a kansa a daji, kuma ita ba ya jin kunyarta.

Akwai 'yar wuƙa da nake ɗaurewa a gefen zanina saboda yanka leda da igiyar buhu. Na zaro ta. Ina ta cewa astagfirullah kamar mai shirin aikata zunubi. Na yaga wandon daga gwiwa zuwa ƙugu. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba. Cinyar ta kumbura ta ninka 'yar'uwarta, tsohon tabon ya buɗe, gefensa ya yi baƙi, mugunya na fita, jan layi ya hau har cikinsa. Ya cusa auduga da gishiri a ramin da hannunsa. Tun yaushe yake wannan shi kaɗai, ina bayan labule ina kunna turare?

A nan tsoron tarhil ya fita daga kaina. Na ciro waya na kira is'af, motar asibiti. Na faɗi unguwa, na faɗi masallacin da za su tsaya. Mai amsawa bai tambaye ni takarda ba, cewa ya yi in jiƙa masa kai in yi masa inuwa. Na tsaya a kansa na buɗe mayafina, shi kuma yana riƙe da ƙafata yana cewa Mama. Samari biyu suka hawo matakalar nan da makara, ɗaya yana azumi, gumi na zuba. Allah ya saka musu da alheri duk inda suke.

A ɗawari, sashen gaggawa, mutane ne jibge, yawanci waɗanda rana ta buga. Shi an wuce da shi ciki nan take, ni aka tura layin rajista. Na daɗe a tsaye har ƙafata ta yi sanyi. Da na iso, na bayan gilashin ya ce, "Igama." Na ce tasa ta mutu. Ya ce, "Taki fa?" Na ce ita ma. Ya ɗago ya kalle ni, ya yi rubutu mai tsawo, ya ce in zauna za a neme ni. Duk mai kaki da ya shigo ta ƙofar nan ranar, sai in sunkuyar da kai in ja mayafi.

Wanda ya neme ni likita ne, ɗan Sudan, dogo, idonsa ja don rashin barci.

"Ke ce mai jinyarsa?"

"Ni ce."

"Tun yaushe ciwon ya buɗe?"

"Yau na gani."

Ya cire tabarau. "Ya hajja, gida ɗaya kuke?"

Na ce gida ɗaya. Na so in yi masa bayanin 'yar fari da labule, na ga babu Larabcin da zai ɗauki wannan magana. Ya ce Baba yana da ciwon suga, mai yiwuwa ya daɗe, shi ya tayar da tsohon ƙarfen. Sannan ya faɗi kalmar da har yau take min yawo a kunne: tasammum. Guba ta shiga jini. Ya ce za su shiga da shi tiyata, amma kada in sa rai da yawa, kuma da an kawo shi a makon farko da allura da wanki sun isa. Na ji haushin yadda ya faɗa, ba ko sassautawa. Yanzu kuwa ina masa addu'a, don da wani ya yi min magana haka tun farko da ba mu kai nan ba.

Ranar salla Sa'idu ya iso da kayan aiki a jikinsa, ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. An ciro ƙarfen, bai fi ɗan yatsa ba, baƙi, a lanƙwashe. An yanke ruɓaɓɓen nama da yawa, ƙafar dai ta tsira. Sai ƙoda ta tsaya, aka shiga wankin ƙoda. Makonni muka yi a haka, yau a ce da sauƙi, gobe a ce a yi addu'a. Ni ba a barina kwana a sashen maza, kullum sai in sauko in hau, ina ratsa masu duba takarda da kalmar shahada a bakina. Kuɗi kuwa ba a magana. Ribar tuwon bana ta tafi, 'yan kunnen mahaifiyarmu sun bi ta, 'yan unguwa suka yi karo-karo, wata ƙungiyar taimako ta ɗauki sauran. Maganar takarda kuma wata ma'aikaciya ta rubuta sunayenmu ta ce za a duba lamarin tsoho mara lafiya. Har yau ba a kira mu ba, har yau kuma in waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai gabana ya faɗi.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayar Sa'idu shi ne, "Ina ne nan?" Ya ce asibiti. Ya ce, "Na wane gari?" Ya ce Makka. Sai ya rufe ido ya yi hamdala.

Aka sallame mu da rami a cinya wanda ba a ɗinke ba, wai daga ciki zai cike. Wata nas 'yar Indiya ta ce dole a wanke a sauya auduga kullum, in aka yi sakaci guba za ta dawo, kuma jikinsa ba zai ɗauki ta biyu ba. Ta koya wa Sa'idu, ni ina gefe ina kallo ta wutsiyar ido. Sa'idu ya yi na 'yan kwanaki, sai aka tura shi kai alhazai Madina. In ya ƙi, aikin ya tafi, igamarsa ta bi shi, ita kaɗai ta rage mana.

Washegari na dafa ruwa, na jera auduga da safar hannu a faranti, na tsaya a bakin labule, wanda na riga na gyara. Na ce, "Baba, lokacin wanki ya yi." Ya ce a bari Sa'idu ya dawo. Na nemo wani maƙwabci, ya zo ya ga ramin, jiri ya ɗebe shi, ya fita bai dawo ba. Rana ta biyu Baba ya ce zai yi da kansa, alhali hannunsa ko kofi ba ya riƙewa. Da yamma na ji alamar warin nan, kaɗan, amma hancina ya riga ya san shi. Goggo Hajo, wadda ta ce min asibiti hauka ne, ita ce ta kama kafaɗata a tsakar gida ta ce, "'Yar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shiga."

Da safe na sake tsayawa da farantina. Ban yi magana ba tukuna sai na ji muryarsa, a hankali, kamar da bango yake.

"Ke yarinya. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na fita, matar nan ta zo. Ta kurmi. Na san za ki ce zazzaɓi ne. Amma na gan ta, ta yaga wandon yadda ta yi da, ta yi min inuwa. Sau biyu ke nan Allah yana aiko ta." Ya yi tari. "In ban da ita da uwarku da na asibiti, babu macen da ta taɓa ganin wurin nan. A bar ni haka."

Zan iya yin shiru in bar masa tsohuwarsa. Amma warin yana hancina.

"Baba," na ce, "ni ce."

Na matsa kusa da labulen, na ci gaba.

"Wuƙata ce ta yanka leda. Na gani, Baba. Na riga na gani duka. Ka yafe min, amma ba zan sake kunna turare ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ruwan da na dafa ya fara hucewa. Na ji gado ya yi ƙara, ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka shi ke nan, na ɓata abin da muka riƙe tun ina cikin zanin goyo, kuma ban samu komai ba.

Sai ya ce, "Rakiya."

Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da bai saba ba. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinsa ba.

"Shigo. Ki zo da bel ɗin can."

Na ɗaga labule na shiga. Na ɗauko bel ɗin daga ƙusa, duk shaidar haƙori a jikinsa, amma ban miƙa masa ba. Na ce, "Baba, babu mai nemanka a nan. In ya yi zafi ka yi ihu." Na sa safar hannu na ɓare tsohuwar audugar. Ya yi ihu har Goggo Hajo ta ji daga gidanta, ni kuma ina wankewa ina kuka ina gode wa Allah.

Ramin ya kusa cikewa yanzu. Jiya ya taka har bakin ƙofa da sanda. Ya koma ce min "ke yarinya", ban kuma damu ba, sau ɗayan nan ya ishe ni. Amma labulen na cire shi na yi tsumman goge tukunya. Ku da kuke da tsoho a ɗaki, in kun ji wari, kada ku nemi kasko. Ku ɗaga bargon.